Hurumin wa? Kwanakina a gefen bututun man Alaska

Litinin, Anchorage

Ba a bar mu mun huce gajiyar jirgi ba. Malamar da ke jagorantar kwas ɗinmu, wadda ta daɗe tana aikin sufeton ƙwadago kafin ta yi ritaya, da tambaya ta tarbe mu. Ma'aikaci ya hau tsanin tankin ɗanyen mai a tashar bututu, ƙafa ta zame, ya faɗo, rai ya yi halinsa, amma ko ɗigon mai bai zuba ba. Wace hukuma za a kira? Kowa ya faɗi tasa. Sai ta ce, to idan bawul ya buɗe masa, mai ya fesu, wuta ta tashi ta cinye shi fa?

Mutum ɗaya ne, tasha ɗaya, amma amsar ba ɗaya ba ce. A Amurka hukumar tarayya da ke kare lafiyar ma'aikata ita ce OSHA, wadda dokar da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a ƙarshen 1970 ta kafa. Dokar ta bar wa jihohi ƙofa: jihar da ta ga za ta iya, ta kafa tata hukumar, da sharaɗin kada ƙa'idojinta su gaza na tarayya ƙarfi, tarayya kuma ta tallafa da kuɗin da zai iya kaiwa rabi. Alaska ta bi ta wannan ƙofa tun 1973, hukumarta ita ce AKOSH. Can gefe kuma ga PHMSA a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta tarayya, mai kula da bututun kansa: kaurinsa, tsatsarsa, ƙarfin matsin man da ke cikinsa, da yadda ake sarrafa shi. A ƙa'idarta, ba ta lissafa abu a matsayin haɗarin bututu sai mai ya fita. Saboda haka wanda ya faɗo daga tsani na jiha ne. Wanda mai ya ƙone kuwa, kowa na da ta cewa a kansa, kuma a nan ake samun tirka-tirka.

Tushenta ɗan gajeren sashe ne a dokar 1970, sashe na 4(b)(1). Ya ce OSHA ta janye hannu daga duk yanayin aikin da wata hukumar tarayya ke aiwatar da ikonta a kai. Dokar bututu kuma ta hana jihohi kafa ƙa'idojin lafiyar bututun da ake ɗauka na tsakanin jihohi ne. Sufeton jiha ke nan yana tsaye a gaban famfo, sai ya fara tantancewa: abin nan da na gani, na mutum ne ko na ƙarfe?

Talata, Fairbanks

Yau na taɓa bututun da hannuna. A arewacin garin, wajen Fox, akwai wurin da aka keɓe wa baƙi. Faɗinsa inci 48, an naɗe shi da rufi, yana zaune bisa sandunan ƙarfe sama da kan mutum. Ya taso daga Prudhoe Bay a bakin tekun Arewa, ya gangara har Valdez a kudu, mil 800, kusan kilomita 1,300. Fiye da rabinsa a sama yake, don man da ɗumi yake fitowa, ƙasar kuma daskararriya ce. In aka binne shi zai narkar da ita ya nutse. A kan wasu sandunan akwai ƙarafa masu haƙora kamar mataji, aikinsu su zuƙe zafi daga ƙasa su watsar a iska.

An gama shi a 1977 a kan kuɗi kusan dala biliyan 8. Mutum wajen 70,000 suka yi aiki a kansa, 32 daga cikinsu ba su koma gida ba. Allon da ke wurin cike yake da lissafin ƙarfe da na ganga. Ni lissafin mutanen nan ne ya tsaya mini a rai har muka koma mota.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen tsakar dare, kuma duhu bai shigo ba sam. Da jadawalin da 'yan'uwa na masallacin Anchorage suka ba ni nake salla.

Laraba, hanyar Dalton zuwa Coldfoot

Tsakuwa da ƙura da manyan motoci. Wanda ke tuƙa mu dattijo ne, tsohon ma'aikacin lantarki da ya yi aikin kwangila a tashoshin nan. Ba ya son surutu, amma da muka wuce Livengood ya rage gudu ya nuna daji da baki. A nan ne, a watan Oktoba na 2001, wani da ya sha ya yi tatul ya harbi bututun da bindiga. Rami ɗaya tal, amma mai ya yi ta feshi cikin itatuwa fiye da yini guda kafin a samu a ɗaure wurin, galan wajen 285,000 ya zuba.

Malama ta ce mu tsaya a nan da tunaninmu, mu dubi mutumin da aka tura ya ɗaura ƙarfe a kan ramin. Rigar da ke jikinsa, da abin shaƙar iskar da ke fuskarsa, da horon da aka ba shi kafin ya kusanci gubar, duk ƙa'idar ƙwadago ce. Ƙarfen da ke hannunsa da yadda za a rage matsin man kafin ya matsa kusa, na PHMSA ne. Man da ya jiƙa ƙasa a ƙarƙashin takalminsa na hukumar muhalli ta jiha ne, da ta tarayya. Ita kanta ƙasar, ya danganta da inda aka tsaya: kusan rabin hanyar bututun filin tarayya ne, wani babban kaso na jiha, ragowar na kamfanonin 'yan asalin ƙasar da na ɗaiɗaikun mutane. Yarjejeniya biyu aka ƙulla a 1974 kafin a fara shimfiɗa bututun, ɗaya da tarayya, ɗaya da jiha, kuma kowace na da nata sharuɗɗa har a kan lafiyar ma'aikata.

Na lura ban damu da yawan hukumomin ba. A ce huɗu sun zo sun yi ta musu a kan wanda zai rubuta tara, ya fi a ce babu wadda ta leƙo. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wurin da kowace ke zaton ɗayar na dubawa.

Mun haye kogin Yukon a kan gada mai daɓen katako, bututun na maƙale a gefenta. Sauron Coldfoot kuwa sai da muka rufe fuska da raga.

Alhamis, Deadhorse

Mun haye tsaunukan Brooks ta mashigin Atigun, mita 1,444, wuri mafi tudu a duk hanyar bututun. Daga nan babu itace ko ɗaya, sai fili shimfiɗe har teku. Daga kan hanya muka hango tashar famfo ta 4. Ba a barin baƙo ya shiga, kuma daidai ne. Abin da na iya gani shi ne nisanta da ko'ina. Sufeto ba zai faɗo nan ba zato ba tsammani kamar yadda zai faɗa wa masana'anta a cikin gari. Sai ya nemi jirgi ko ya kwana a hanya, kuma a irin wannan wuri ɗakin kwana da abinci galibi na kamfanin da ya zo bincika ne.

A filin man nan na Prudhoe Bay ne aka ga misalin abin da nake tsoro jiya. A watan Maris na 2006 wani ma'aikaci yana wucewa a mota ya ji warin mai. Ashe tsatsa ta cinye wani bututu na kamfanin BP da ke kai mai zuwa bakin babban bututun, fiye da galan 200,000 ya malale a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Da aka bi diddigi sai aka ga irin waɗannan bututai masu ƙarancin matsi, da ke nesa da gari, ƙa'idar tarayya ta keɓe su, ba ta tilasta a riƙa tura na'urar bincike cikinsu ba. An shafe shekaru ba a tura ba. Sai bayan ɓarnar, a ƙarshen 2006, majalisa ta yi dokar da ta umarci a shigo da su. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba a wannan karon, amma mutane ne ke kai da komo a gefen wannan bututu dare da rana.

Juma'a, Deadhorse

Hazo ya hana jirginmu tashi da safe. Babu masallaci, na yi azahar a ɗaki.

Na kira Baba. Ya yi shekarun ƙarfinsa a wani depo na mai a gida, shi ya sa nake ba shi labarin komai. Na yi masa bayanin hukumomin nan, yana saurare bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Kai dai ka ce yaron da aka bar wa kishiyoyi biyu. Wannan ta ce waccan ta ba shi tuwo, waccan ta ce wannan ta ba shi, yaro ya kwana da yunwa."

Na ce, "Haka ne, Baba. Sai dai su nan aƙalla sun rubuta wadda ke da girki."

Ya ce, "To, ka duba mini ko tana shiga madafin."

Mu a Najeriya a takarda ba mu da wannan rigima, don kundin tsarin mulki ya sa ƙwadago da lafiyar ma'aikata, da harkar mai baki ɗaya, a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma tarayyar ba baki ɗaya gare ta ba. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta raba aikin tsohuwar hukumar DPR tsakanin hukumomin NUPRC da NMDPRA, ma'aikatar ƙwadago na riƙe da dokar masana'antu, NOSDRA na bin malalar mai, diyya na hannun NSITF. Ranar da wuta ta tashi kuma, motar kwana-kwana da asibitin jiha ne ke fara ganin wanda ya ƙone. Da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya fara aiki sosai, 'ya'yanmu ne za su tsaya a tashoshinsa.

Asabar, hanyar Richardson

Mun dawo Fairbanks jiya da dare, yau muka yi kudu. Ba mu yi nisa ba dattijon ya tsaya kusa da inda tashar famfo ta 8 take. Mai ya fara shiga bututun ran 20 ga Yuni, 1977. Ran 8 ga Yuli, ko sati uku ba a yi ba, tashar nan ta tashi. Ana aiki a kan rariyar wani famfo, ba a gama rufe murfin ba, aka saki mai ta wannan layi. Ya fesu ya cika ɗakin, ya kama wuta. Mutum ɗaya ya rasu, biyar suka jikkata, ginin famfunan ya ƙone ƙurmus. Bututun lafiyarsa ƙalau, walda ba ta tsage ba, ƙarfe bai gaza ba. Mai aiki da mai sarrafa bawul ne ba su san abin da juna ke ciki ba.

Dattijon ya buɗe aljihun mota ya fito da wani jan kwaɗo, fentinsa duk ya kankare, da ɗan kati a ɗaure mai sunansa. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa sa hannu a inji ba sai ya kashe wutarsa ya maƙala wannan a kan makunnin, makulli kuma ɗaya ne, yana aljihunsa. In mutum shida ne ke aikin, kwaɗo shida za a jera, ba mai kunnawa sai na ƙarshe ya cire nasa da hannunsa. Ko manaja ba shi da ikon cire na wani. Na karɓa na juya shi. Bai fi cikin tafin hannu ba.

Ƙa'idar kulle inji ta OSHA ta fito ne a 1989, shekara 12 bayan wannan gobara. Sai na tambayi Malama: kwaɗon nan in aka maƙala shi a bawul na bututu, na wa ne? Bawul ɗin na PHMSA ne, ita ke cewa kamfani ya rubuta yadda zai yi gyara lafiya kuma ya bi abin da ya rubuta. Hannun da ke cikin famfon na hukumar ƙwadago ne. Ta ce lauyoyin kamfanoni sun sha tsayawa a kan wannan gaɓar, suna cewa tun da hukumar bututu ta yi magana a kan gyara, sufeton ƙwadago ba shi da hurumi, a soke tarar.

Daga nan ta kawo shari'ar da ta ce kowane ɗalibinta sai ya haddace. A 1997 wani jirgin haƙar mai na kamfanin Mallard Bay ya fashe a ruwan jihar Louisiana, mutum huɗu suka mutu. OSHA ta ci kamfanin tara. Kamfanin ya ce jirgi ne, jirgi kuwa na rundunar tsaron gaɓar teku ne, OSHA ba ta da ta cewa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. A watan Janairu na 2002 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci. Ta ce mallakar iko daban, aiki da shi daban. Tun da rundunar ba ta kafa ƙa'ida a kan irin wannan haɗari a irin wannan jirgi ba, ba ta kori OSHA ba.

Hukuncin ya yi mini daidai ƙwarai. Duk hukumar da ke son ta ce wa wata matsa, to ta nuna ƙa'idar da ta kafa a wurin. Amma na yi lissafi a raina: daga mutuwar mutanen nan zuwa ranar da aka san mai hurumi, fiye da shekara huɗu. Kuma haɗari ɗaya aka warware. A harkar bututu ma haka ake bi, ɗaya bayan ɗaya: wannan na tsani ne, wannan na shiga tanki ne, wannan na wuta ne. Mafi yawan lokaci sai an yi gawa ake zama a tantance. A Clearbrook ta jihar Minnesota, wadda ita ma ke da tata hukumar ƙwadago, ma'aikata biyu sun ƙone a watan Nuwamba na 2007 wajen gyaran bututun kamfanin Enbridge. Sai a 2010 PHMSA ta yanke tarar dala miliyan 2.4.

Lahadi, zuwa Valdez

Mun tsaya inda bututun ya ƙetare tsagar ƙasa ta Denali. An kwantar da shi a kan dogayen ƙarafa masu santsi yadda in ƙasa ta motsa zai zame ba zai karye ba. Ran 3 ga Nuwamba, 2002, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta gwada shi, ƙasa ta goce da mitoci, bai tsage ba. Tun kafin a gina shi masana suka zauna suka auna abin da bai faru ba tukuna, suka yi masa tanadi. Irin wannan zama nake so a yi wa mutumin da ke cikin tasha.

A 1988 ganga miliyan 2 da ɗoriya ke bi ta nan kullum. Yanzu bai kai rabin miliyan ba. Man na tafiya a hankali, yana hucewa a hanya, kaki na taruwa, ruwan da ke ciki na neman daskarewa. Ma'ana, shara ta ƙaru, buɗe inji ya ƙaru, hannuwan da ke shiga ciki sun ƙaru, a kan kayan da suka doshi shekara 50.

Litinin, Valdez

Daga wannan gaɓa ake hango tashar lodi a ɗaya gefen ruwan, manyan tankuna jere a jikin dutse, kowane na ɗaukar ganga fiye da 500,000. A nan iyakokin suka fi cuɗewa. Ma'aikaci na kan tudu, jiha ce da shi. Ya taka zuwa aikin ruwa, sai OSHA ta tarayya, don Alaska ba ta karɓi wannan ɓangare ba. Ya hau jirgin dakon mai, rundunar tsaron gaɓar teku ke nan. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa.

Daga nan jirgin Exxon Valdez ya tashi ya daki dutse ran 24 ga Maris, 1989, ya zubar da galan kusan miliyan 11. Bayan wannan masifa, a 1990, aka kafa ofishin haɗin gwiwa na bututun, JPO, inda hukumomin tarayya da na jiha suka taru ƙarƙashin jagorancin hukumar filaye ta tarayya da ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jiha. Hikimar ita ce su zauna a rufi ɗaya, mai duba waya da mai duba tsatsa da mai duba kifi, in wani ya ga abin da ba nasa ba ya miƙa wa na kusa da shi. A farkon shekarun 1990, da ma'aikata suka kai ƙorafi har gaban majalisa a Washinton, binciken da aka sa aka yi a 1993 ya tono matsaloli masu yawa, musamman a wayoyin lantarki, aka yi shekaru ana gyara.

Zaman rufi ɗayan bai ɗore ba. Sannu a hankali kowa ya koma ofishinsa, ma'aikata suka ragu. Garin nan kuwa dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara takan wuce mita 7. A farkon 2022 nauyinta ya lalata bututun shaƙar iska a kan tankuna da dama, tururin mai ya riƙa fita, aka tura mutane saman rufin ɗaure da igiya suna kwasar ƙanƙara da shebur. Majalisar sa ido ta mazauna yankin, wadda aka kafa bayan masifar 1989, ta sa lauya Billie Garde ta saurari ma'aikata, rahoton da ta fitar a 2023 ya ce haɗarin da ke tashar ya wuce a yi shiru, sa idon hukumomi kuma ya yi rauni. A 2025 ofishin binciken gwamnati na tarayya ya ba da shawarar a sake fayyace aikin kowace hukuma a cikin JPO. A lokacin shekara 35 ke nan da kafa ofishin.

Na daɗe ina kallon rufin tankunan. Mutumin da ke can sama da shebur, igiyarsa ta jiha ce, tururin da yake shaƙa na masu muhalli ne kafin ya shiga hancinsa, tankin da yake takawa kuma wata hukumar ce ke auna shi.

Talata, Valdez

Darasin ƙarshe a kan mai kai ƙara ne. Malama ta ce duk sufetocin jihar nan in aka tara su ba za su ga kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ma'aikaci ke gani a rana ɗaya ba, saboda haka kariyar da aka ba bakinsa ita ce rabin aikin. Idan aka rasa rai a wurin aiki, kamfani na da awa 8 ya sanar da hukumar ƙwadago. Idan mai ya fita ya yi kisa ko ya kama wuta, awa ɗaya gare shi bayan ya tabbatar, ya kira cibiyar tarayya. Kamfani na da lauyoyin da suka haddace waɗannan.

Ma'aikacin da aka kora don ya yi magana fa? In ƙorafinsa na lafiyar aiki ne, tsani ko igiya ko kwaɗo, kwana 30 gare shi ya shigar da ƙara. In na lafiyar bututu ne, dokar 2002 ta ba shi kwana 180, kuma OSHA ce ke karɓar wannan ƙarar, ba PHMSA ba. Mutumin da ya ce ba zai buɗe famfo ba sai an kulle bawul, aka sallame shi, ya yi wata biyu yana neman abin da zai ciyar da iyali kafin ya farga, makomarsa ta rataya a kan sunan da aka ba ƙorafinsa. Wannan bai kamata ba. Lebura ɗan kwangila ba shi ya kamata ya san inda hurumin wata ya ƙare na wata ya fara ba. Duk ƙofar da ya buga a karɓa, a rubuta ranar, su hukumomin su raba a tsakaninsu.

Na tambayi dattijon abin da yake gaya wa yaran da ya koya wa aiki. Ya ce su kai ƙara wuri biyu a rana ɗaya, jiha da tarayya, kada su wuce sati, su riƙe kwafin kowace takarda a gida ba a akwatin wurin aiki ba. Na rubuta wannan a shafin farko na rahoton da zan kai wa shugabannina, sama da bayanin dokokin. A ƙarƙashinsa na jera ayyukan da ake yi a tasharmu ɗaya bayan ɗaya, shiga tanki, walda, buɗe bawul, hawa sama, na bar gurbi a gaban kowane don sunan hukuma da lambar wayar wanda zai ɗauka. Uku kawai na iya cikewa daga nan. Sauran sai na je Abuja na tambaya ofis ofis.